Kowa da Allonsa

Duk wanda ya taɓa gittawa ta ƙofar makarantar allo da hantsi ya san hayaniyarta. Yara talatin ko arba'in a zaure ɗaya ko a gindin bishiya, kowa ya ɗaga murya iya ƙarfinsa, kuma da wuya ka sami biyu da bakinsu ya zo ɗaya. Baƙon da bai san kan abin ba sai ya ɗauka rashin tsari ne. Alhali dalilin hayaniyar shi ne kowane yaro karatunsa daban: wannan yana Ƙulhuwa, na kusa da shi ya kai Sabbi, wani can gefe ya haura Yasin, ga kuma ƙaramin da bai wuce sunayen baƙaƙe ba. Abin da nake son in tabbatar a nan shi ne, wannan tsari na kowa da allonsa shi ne babban sirrin da ya sa makarantar allo ta shafe ɗaruruwan shekaru tana fitar da mahaddata daga cikin yara masu hali iri-iri, mai kaifin ƙwaƙwalwa da mai nauyin kai, mai rawar kai da mai kunya. Mutane sun fi tuna dorinar malam, har suna ganin ita ce ta yi aikin. A ganina allon ne ya yi mafi yawan aikin, kuma tarihin makarantar kansa ya nuna haka.

Tsarin ba a ƙasar Hausa aka ƙirƙire shi ba. Daga Arewacin Afirka ya zo, tare da mazhabar Malikiyya da ruwayar Warshu da irin rubutun Magariba mai ɗiga wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗaya a sama. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya bayyana cewa mutanen Magrib sukan tsayar da yaro a kan Alƙur'ani da rubutunsa kaɗai har sai ya ƙware, ba sa haɗa masa da wani fanni, kuma wannan hanya ce ta ratso Sahara. Ta kafu da wuri a Kanem da Borno, inda sarakuna suke ba manyan malamai takardar mahram wadda ke ɗauke musu haraji da aikin yaƙi, su kafa garuruwansu su zauna da almajiransu. A ƙasar Hausa kuwa, tarihin Kano ya ambaci zuwan Wangarawa daga Mali a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, sannan zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Katsina ta yi su Ɗan Masani da Ɗan Marina a ƙarni na 17. Duk da haka Borno ce ta riƙe kambun hadda, shi ya sa har gobe idan aka ce yaro ya tafi gabas, kowa ya san karatun Alƙur'ani ya tafi nema. Bature Hugh Clapperton, wanda ya rasu a Sakkwato a 1827, ya ga yara suna karatu da ƙarfi gaba ɗaya, safe da maraice, kuma ya lura cewa ba a wanke allo sai yaro ya haddace abin da ke kai. Wannan ƙa'ida ɗaya da ya gani ita ce ginshiƙin komai.

A duba yadda abin yake gudana. Allo katako ne mara faɗi sosai, ba ya ɗaukar rubutu mai yawa. Malam ko wani babban almajiri ya rubuta wa yaro abin da zai iya ɗauka, da alƙalamin gamba da tawadar da aka dafa da gawayi da ƙaro. Yaro ya durƙusa gaban malam, malam ya ɗora yatsa a kan layi ya biya masa, shi kuma yana bi, sau biyu ko uku, sannan ya koma wurin zamansa ya yi ta maimaitawa. Idan ya ji ya iya, ya dawo ya karanta. In bakinsa ya faɗa, malam ya ce je ka wanke. In akwai gyara, ya koma ya ci gaba. Babu ranar da aka yanke cewa dole kowa ya gama sura kaza, babu zangon karatu da zai ƙare ya bar wani a baya. Yaro mai kaifi yana iya wanke allo kullum, a cika masa fuska biyu. Mai nauyin kai a rubuta masa layi biyu, ya kwana uku a kai, kuma ranar da ya wanke, wankewarsa daidai take da ta kowa. Ma'aunin bai sauka ba saboda shi, tunda dole ya kawo karatun ba kuskure kamar yadda mai kaifin ya kawo. Abin da aka sassauta masa yawan rubutu ne da tsawon lokaci. Da haka makarantar ta raba abu biyu da sau da yawa ake cakuɗawa, wato inda za a je da kuma saurin tafiyar. Inda za a je ɗaya ne ga kowa, saurin kuwa kowa da nasa.

Sannan an sassara hanyar gaɓa-gaɓa yadda yaro ba zai hango nisanta ya karaya ba. Da babbaƙu ake farawa, haruffa tsirara ba wasali, kuma an laƙa musu sunaye na Hausa masu bayyana siffarsu, su ambaki da mim jaye da ha kuri, yadda ɗan shekara biyar zai riƙe su kamar waƙa. Daga nan farfaru, inda ake sa wasulla, sannan ya fara haɗa kalmomi. Karatun surori kuma daga ƙarshen Alƙur'ani yake tasowa, daga gajeru zuwa dogaye, don haka a watanninsa na farko yaro yana gama sura bayan sura, yana ɗanɗana daɗin kammala abu tun kafin a kai shi inda sura ɗaya za ta ci masa makonni. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas, wato sumuni 480, kuma kowanne a cikinsu tsani ne da ake iya ƙirgawa. Ya kai Sabbi ya yi izu ɗaya, ya kai Amma ya yi biyu, Tabaraka huɗu, har ranar da zai shiga Kahfi a ce ya raba Alƙur'ani biyu. A da iyaye ba sa barin waɗannan matakai su wuce shiru. Akan yi sadaka a kai makaranta, waina ko tuwo ko kaza gwargwadon hali da al'adar gari, 'yan makaranta su ci su yi wa mai karatun addu'a. Ranar sauka kuma a yi masa allon zayyana mai launin ja da rawaya da kore, ya sha sababbin kaya, ya karanta farkon Baƙara a gaban jama'a, a yanka rago ko sa. Mai ƙaramin haƙuri, wanda ba zai jure aikin shekara bakwai don ladan da ba ya gani ba, yana iya jure na wata biyu don wainar da za a kawo da sunansa. Magabata sun san wannan sarai, shi ya sa suke cewa karatu farkonsa maɗaci, ƙarshensa zuma, amma ba su bar zumar duka sai ƙarshe ba.

Idan aka ɗauki halayen yara ɗaya bayan ɗaya, sai a ga kowanne ya sami ƙofar shiga. Mai kunya, wanda in aka tsayar da shi gaban aji aka ce ya karanta sai murya ta sarƙe, a nan hayaniyar ce ta rufa masa asiri. Yana iya yin kuskure sau ashirin babu wanda ya ji, kuma lokacin da zai kai karatu daga shi sai malam, gwiwa da gwiwa. Mai rawar kai da ba ya iya zama wuri ɗaya, rayuwar tsangaya ba ta zaunar da kowa yini guda ba. Karatu da asuba, da hantsi, da la'asar, da dare a bakin wuta, tsakaninsu kuwa akwai ɗebo ruwa, da yo itacen da za a hura wutar daren, da fiƙe alƙalami, da shanya allo, da damina kuma gonar malam. Ranar Laraba da yamma a tashi, Alhamis hutu, sai bayan Juma'a a dawo. Mai son gasa yana da abokan da zai riƙa leƙen allonsu yana auna kansa. Wanda ya fi damun malamai shi ne mai kaifi mai saurin mantuwa, wanda zai haddace shafi kafin a sha ruwa, gobe kuma ya zube. Shi maganinsa tilawa, wato komawa baya kullum a bi abin da aka wuce, kuma malamin kirki ba ya ƙara wa irin wannan yaro sabon rubutu sai tsohon ya zauna. Wanda kuma ya cije a hannun wani malami, karatu ya ƙi gaba, al'adar yawon neman ilimi ta ba shi mafita ba tare da kunya ba: a ɗauke shi a kai shi wani gari, wajen wani malami, ya ɗora daga inda allonsa ya tsaya. Ba ya buƙatar takardar shaida, abin da ke bakinsa shi ne shaidarsa.

A matakin sama ne ma aka fi ganin cewa naci tsarin yake girmamawa. Sunayen matakan sanannu ne: kolo, titibiri, gardi, sannan alaramma da gwani da gangaran. Saukar farko ba hadda ba ce, yaro ya ratsa Alƙur'ani ne kawai da duba. Mai son hadda sai ya koma ya sake bi, ya yi tishe, wani sau biyu wani sau uku. Daga nan ya shiga satu, inda zai rubuta sumuni da ka a babban allo, ya kai wurin darasu, alaramma ya bi shi harafi-harafi a gaban sauran gardawa yana gyara masa ɗigo da wasali da madda. Wasu sukan ƙaurace wa gari, su yi bukka a bayan gari ko cikin daji su keɓe don tilawa ba dare ba rana. Ba a kiran mutum alaramma sai ya rubuta Alƙur'ani cikakke da ka, kuma gwani sai ya san kalma kaza sau nawa ta zo da siffa kaza, da wuraren da ayoyi suke kama da juna. Wannan aiki ba ya yiwuwa da kaifin ƙwaƙwalwa kaɗai. Mutum ne zai yi shekara goma ko fiye yana bin abu ɗaya, kuma a irin wannan doguwar tafiya mai nauyin kan da ya saba maimaita layi biyu sau ɗari tun yana kolo ya riga ya mallaki abin da mai kaifin zai koya daga baya da wahala. Babu wanda ke tambayar gwani shekara nawa ya yi kafin ya sauke. Abin da ake tambaya shi ne ko karatunsa yana da ƙarfi.

To, mai musu zai ce duk wannan ado ne, gaskiyar magana tsoron bulala ne ya zaunar da yaran. Ba za a ce babu duka ba. Akwai shi, wani lokaci mai tsanani, kuma akwai makarantun da suka kai ga sa wa yara mari, abin da ya fito fili a 2019 lokacin da 'yan sanda suka buɗe wasu gidajen horo a Kaduna da Katsina suka fito da ɗaruruwan mutane cikin mummunan hali. Wanda ya ƙi faɗin wannan bai yi wa yaran adalci ba. Amma a lura da abu biyu. Na farko, littattafan da malaman wannan hanya suka gada ba su saki dorina haka kawai ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 870, ya rubuta littafi a kan ladubban malaman yara, ya taƙaita horo a kan karatu ga bulala uku, ya hana dukan fuska da kai, ya hana duka cikin fushi. Imam Gazali ya yi umarni a yaba wa yaro in ya yi abin kirki, kuma a bar shi ya yi wasa bayan makaranta don kada zuciyarsa ta mutu. Ibn Khaldun ya keɓe babi guda yana cewa tsanantawa tana cutar da ɗalibi, tana koya masa kasala da ƙarya da munafunci. Madkhal na Ibn al-Hajj, wanda Shehu Usmanu ya yawaita dogaro da shi, ƙaninsa Abdullahi kuma ya taƙaita shi, yana da dogon bayani a kan yadda malamin yara zai riƙe amanarsu. Na biyu kuma, wanda ya fi ƙarfi a wurina, bulala tana iya zaunar da kolo, amma ba ta kai gardi mai shekara ashirin Borno da ƙafa, ba ta tashe shi tsakar dare a bukkar da babu mai ganinsa. Waɗanda suka kai ƙarshen hanya sun yi mafi tsawonta ne a lokacin da babu mai dukansu. In da tsoro ne jarin, da karatun ya tsaya ranar da suka fi ƙarfin duka.

Akwai musu na biyu da ya fi wannan nauyi. Za a ce tsarin da ba ya kayar da kowa, ba ya kuma lura da wanda ya sulale. Gaskiya ne cewa mafi yawan yaran da suka shiga makarantar allo ba su zama alarammomi ba, da yawa ma ba su sauke ba. 'Yan mata galibi aure yake ɗauke su da 'yan izu kaɗan, abin da ya sa aikin Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, na tura malamai mata masu laƙabin jaji su karantar da matan karkara ya zama abin buƙata. Kuma yaro yana iya yin shekaru yana rera abin da bai san ma'anarsa ba, tunda fassara da fiƙihu sai a makarantar ilimi, wurin su Ahalari da Ishmawi da Risala, wadda ba kowa ke kaiwa ba. Ibn Khaldun da kansa ya soki hanyar Magariba a kan tana barin ɗalibi da rauni a harshen Larabci. Na karɓi wannan duka. Abin da zan ce kawai shi ne, wanda ya tsaya a izu biyar bai fita da sunan wanda ya faɗi ba. Ya fita da abin sallarsa, da iya karanta ajami da rubuta wasiƙa, kuma ƙofa ba ta rufe ba. Magidanci ya koma makarantar dare, tsohuwa ta ɗauko allonta bayan ta aurar da 'ya'ya, kowa ya ɗora daga inda ya tsaya, babu mai cewa shekarunsa sun wuce. Raunin tsarin a abin da ake koyarwa yake da kuma wanda ake bari ya ci gaba. Hanyar riƙe yaro a kan aiki kuwa lafiyarta ƙalau.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da wannan tsari ko'ina. Ƙididdigar zamanin Gwamna Lugga, wajen 1914, ta nuna makarantun allo kusan 25,000 da ɗalibai sama da 200,000 a Arewa. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano, kuma da boko aka shigo da wani tunani dabam game da lokaci: aji, da zango, da jarrabawar ƙarshen shekara, da na ɗaya da na ƙarshe. Allo ya tashi daga cinyar yaro ya koma bango, ya zama ɗaya tal ga mutum arba'in. Wannan tsari yana da amfaninsa, don da shi ake koyar da fannoni da yawa ga jama'a masu yawa, kuma makarantun Islamiyya da suka yaɗu daga shekarun 1950 sun ɗauke shi don su haɗa Alƙur'ani da fiƙihu da Larabci tun da wuri. Amma yana da tsada da ba a cika faɗa ba. Malami yana tafiya da saurin na tsakiya, mai kaifi ya gaji da jira ya koma ƙiriniya, mai nauyin kai a wuce shi tun bai gane ba, a ƙara masa sabon darasi a kan wanda bai zauna ba, har ya yarda cewa shi daƙiƙi ne. Yaron da a zaure za a ce bai wanke ba tukuna, a aji sai a rubuta masa cewa ya faɗi.

Ita ma tsangayar ba ta tsira da kyawunta ba, kuma yadda ta lalace ya ƙara tabbatar da hujjar. Kowa da allonsa yana aiki ne in malam ya san kowane yaro, ya san wanda za a ƙara wa layi da wanda za a rage wa, wanda kallo ya ishe shi da wanda sai an zaunar da shi kusa. Wannan sani yana buƙatar yara daidai ƙima, da manyan gardawa masu taimako, da cikin da ba ya kukan yunwa. A da gari ne yake ɗauke da wannan nauyi: zakkar hatsi, da gonar da almajirai ke nomawa, da kuɗin Laraba, da gidajen da kowanne ya san ƙwaryar almajirinsa. Mulkin mallaka ya karkatar da baitulmali zuwa wasu ayyuka, takardar boko ta zama ita ce hanyar samun aiki, sannan farin 1973 da tsadar rayuwa suka tunkuɗo makarantun karkara zuwa birane, inda babu gona babu sanayya. Malami ɗaya ya wayi gari da yara ɗari ko fiye, rabin yininsu a titi suke neman abin da za su ci. A irin wannan hali babu mai lokacin auna wa kowa rubutunsa, kuma inda sanin yaro ya ragu, nan dorina take yawa, don ita kaɗai ce ba ta buƙatar a san halin wanda ake duka.

Gwamnatoci sun yi ta gwada gyara. A 2012 aka buɗe makarantar tsangaya ta zamani a Gagi ta Sakkwato, aka gina irinta sama da ɗari a jihohi daban-daban, da yawa kuma suka koma kango bayan 'yan shekaru. A 2020, lokacin annobar korona, gwamnonin Arewa suka yi ta mayar da almajirai jihohinsu a manyan motoci, a 2023 kuma aka kafa hukumar ƙasa ta kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kusan duk waɗannan shirye-shirye sun ɗauka cewa gyara shi ne a kawo wa tsangaya abin da boko yake da shi, wato benci da aji da jadawali da lissafi da Turanci. Lissafi da Turanci da sana'a lalle yaran suna buƙatarsu, abinci da makwanci kuma sun fi komai gaggawa. Abin da ban ga ana tambaya ba shi ne me tsangaya take da shi wanda ajin firamare mai yara tamanin ya rasa. Ana iya koyar da karatun boko na farko da jadawalin sau ta hanyar da ake koyar da babbaƙu, a ba kowane yaro gwargwadon abin da zai ɗauka, kada a ƙara masa sai ya kawo na hannunsa daidai, manyan ɗalibai su biya wa ƙanana, a kuma yi masa murna a kowane mataki. Alarammomin da suka san yadda ake wannan suna nan da ransu a Maiduguri da Haɗeja da Kano da Damagaram, kuma su ya kamata a zaunar a gaba a duk lokacin da ake tsara yadda za a karantar da waɗannan yara.